Hoton mama da igiyar maikirowef bai kai ya maye gurbin mamogiram ba tukuna

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a wannan jarida domin mu yi tsokaci a kan wani labari da ke yawan dawowa duk bayan 'yan watanni, wai an ƙirƙiro na'urar da ke gano sankarar mama ba tare da an matse maman ba, ba kuma tare da hasken eksire ba. Na'urar tana nan, da igiyar maikirowef take aiki, ba ƙarya aka yi ba. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne iyakar abin da take iya gani, kuma a ciwon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kama mata kimanin miliyan 2.3 a shekarar 2022, ya kashe kusan 670,000, wannan gibin ba ƙarami ba ne. Matar da ta karanta rabin labari tana iya jinkirta gwajin da ke gabanta, tana jiran wanda bai iso ba.

Igiyar maikirowef dangin igiyar rediyo ce, irin wadda wayar salula da rada, wato na'urar hango jirage daga nesa, ke aiki da ita. Masu ɗaukar hoton mama suna amfani da zangon da ke tsakanin gigahaz 1 zuwa 10 (gigahaz ma'aunin saurin kaɗawar igiya ne), wani lokaci su sauko ƙasa da haka kaɗan. Kada sunan ya tsorata kowa. Tandun maikirowef na ɗumama abu ne da ƙarfin wat 700 zuwa 1,000, waɗannan na'urori kuwa abin da suke turawa bai kai na wayar da ake karawa a kunne ba. Kuma igiyar ba ta da ƙarfin tsinka ƙwayoyin halitta yadda eksire ke iya yi, don haka ana iya maimaita hoton ko kowane mako. Sai dai a yi wa mamogiram, wato hoton mama da eksire, adalci: hasken da mace ke sha a gwaji ɗaya bai fi wanda jikinta ke sha daga ƙasa da sararin sama a cikin kamar makonni bakwai ba.

Duk dabarar a kan ruwa ta rataya. Kowane abu yana da wata lamba da ke nuna yadda yake riƙe ƙarfin lantarki idan igiya ta ratsa shi. Bari mu kira ta lambar riƙo. Ta iska 1 ce. Ta kitse wajen 5. Ta tsurar ruwa kusan 80. Ƙarin sankara, da yake cike yake da ruwa da hanyoyin jini, tasa tana haura 50. Idan igiya tana tafiya a cikin kitse ta ci karo da abu mai lamba 50, wani kaso nata zai yi tsalle ya dawo, kamar amsa-kuwwa daga jikin dutse. Wannan amsa-kuwwar ake farauta.

Ga yadda ake yi a aikace. Mace za ta kwanta rub da ciki a kan gado mai rami a tsakiya, ta saki mama ɗaya cikin wani ƙoƙo da ke ƙarƙashin ramin. A jikin ƙoƙon an jera ƙananan eriyoyi. A na'urar MARIA, wadda ta samo asali daga Jami'ar Bristol a Ingila, eriya 60 ne, suna aiki tsakanin gigahaz 3 zuwa 8. Ɗaya za ta aika, sauran su saurara, sannan a koma kan ta gaba, har kowace ta yi magana da kowace, wato hanya 1,770 ke nan da igiya ta bi ta cikin maman. A Jami'ar Calgary ta Kanada wata hanya suka bi: eriya ɗaya tak, tana kewaya maman tana aikawa tana sauraren kanta, da hasken leza da ke auna siffar maman daga waje. Wannan ta fi sauƙin ƙerawa amma ta fi cin lokaci, kuma duk minti ɗaya da aka ƙara, dama ce ta mace ta motsa.

Tsakanin eriya da fata ba a so a bar iska. Daga lamba 1 ta iska zuwa kusan 40 ta fata tsalle ne babba, yawancin igiyar a bakin ƙofa za ta juya. Shi ya sa ake cike wurin da wani ruwa da zai sassauta tsallen. Calgary man kanola suka zaɓa. Bristol sun haɗa man farafin da kakin zuma da ruwa har lambarsa ta kai wajen 10. Kwalejin Dartmouth ta Amurka gilisarin da ruwa suke gaurayawa. Kowane zaɓi da nasa ciwon kai, za mu zo kansa.

Akwai manyan hanyoyi biyu na mayar da abin da eriya ta ji ya zama hoto. Ta farko hanyar rada ce, wadda Susan Hagness da abokan aikinta suka shimfiɗa lissafinta a 1998. Kwamfuta tana yanka maman gida-gida a cikin lissafi. A kowane gida sai ta tambaya: da a ce akwai abu a nan, yaushe amsa-kuwwarsa za ta isa eriya ta ɗaya, yaushe za ta isa ta biyu, har ta sittin? Sai ta ɗebo abin da kowace eriya ta ji a daidai wannan lokacin, ta tara. Idan da abu a gidan, muryoyin za su hau kan juna su yi ƙarfi, wurin ya yi haske. Idan babu, su kashe juna.

A nan gizo ke saƙar, domin kafin a san lokaci sai an san gudu, gudun igiya kuwa ya danganta da naman da take ratsawa, wanda shi ne abin da ba a sani ba tun farko. A iska igiya tana cin santimita 30 a cikin nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa. A nama mai lamba 9 santimita 10 take ci. A mai lamba 25, santimita 6 kacal. To, a ɗauka akwai ƙari a zurfin santimita 4, kwamfuta kuma an gaya mata lambar maman 9 ce, alhali 25 ce. Zuwa da dawowa santimita 8 ne, igiyar za ta ɗauki nanosakan 1.33. Kwamfuta za ta ninka wannan da santimita 10, ta raba biyu, ta dasa ƙarin a zurfin santimita 6.7. Kuskuren kusan santimita 3 ke nan a gaɓar da duk faɗinta bai fi santimita goma sha wani abu ba. Mafi muni, tunda kowace eriya ta hanyarta dabam igiyar ta bi, muryoyin ba za su haɗu a wuri guda ba, ƙarin ya watse ya zama hazo, wani wuri da babu komai kuma ya yi haske. Masu gyara wannan suna sa kwamfuta ta gwada lambobi da yawa, ta zaɓi wadda hotonta ya fi fitowa tas. Yana taimakawa, amma mama ba lamba ɗaya gare shi ba. Gefe guda kitse, gefe guda tsoka.

Sai matsalar fata. Kaurinta bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, amma amsa-kuwwarta ta ninka ta ƙarin nesa ba kusa ba, kamar mai neman jin raɗa a gefen injin niƙa. Dole a cire ta kafin a ga komai. Wata dabara da aka saba ita ce a ɗauki hoto, a juya ƙoƙon eriyoyin kaɗan, a sake ɗauka, sannan a debe na biyu daga na farko. Fata tana kewaye ko'ina iri ɗaya, don haka za ta share kanta. Ƙari kuwa a gefe ɗaya yake, zai saura. Wannan yana aiki ne kawai idan maman ya zauna daram a tsakiyar ƙoƙon ya cika shi. Idan ƙoƙon ya yi masa girma aka bar rata a gefe, ko kumfa ta maƙale tsakanin fata da ƙoƙo, ko fatar ta naɗe, ko mace ta ja dogon numfashi tsakanin ɗauka biyun, ragowar fatar za ta fito a hoto da kamannin ƙari. Shi ya sa ake ajiye ƙoƙuna masu girma dabam-dabam, kuma ma'aikaciyar da ta san aikinta takan ɓata lokaci wajen zaunar da maman fiye da wajen ɗaukar hoton. Akwai kuma wani tarko: abin da ya zauna a kan layin da ake juyawa a kansa, can bayan kan nono, bai sauya wuri ba tsakanin hoto na farko da na biyu, don haka ana iya share shi tare da fatar.

Zaɓen zango ma ciniki ne. Ƙasa-ƙasa, wajen gigahaz 1, igiya tana shiga da zurfi amma doguwa ce, ba ta rabe ƙananan abubuwa. Sama-sama, wajen gigahaz 8 zuwa 10, tana rabewa amma nama mai ruwa yana shanye ta cikin 'yan santimita. Lissafin a buɗe yake: da faɗin zango na gigahaz 5, a nama mai lamba 9, abubuwa biyu sai sun kai tazarar kusan santimita 1 kafin a gan su a rabe. Mamogiram kuwa yana ganin ɗigo-ɗigon sinadarin kalsiyam da ba su kai rabin milimita ba, waɗanda sau da yawa su ne alamar farko ta sankarar da ba ta fita daga hanyar ruwan nono ba. Wannan matakin shi ne mafi sauƙin magani, kuma maikirowef ba ya ganin ɗigon nan. Ba gazawar injiniyoyi ba ce, tsawon igiyar ne ya hana.

Yanzu ga babbar maganar. An daɗe ana tallata maikirowef a matsayin mafita ga mata masu cushewar mama, wato waɗanda tsokar shayarwa da zaruruwanta suka fi kitse yawa a mamansu, galibi matasa. A mamogiram wannan tsokar fari take fitowa, ƙari ma fari, sai ya ɓuya a cikinta. Ma'aunan farko-farko sun nuna bambanci mai yawa tsakanin lafiyayyen mama da ƙari, har ninki biyar ko fiye, kowa ya yi murna. A 2007 sai jami'o'in Wisconsin da Calgary suka fitar da sakamakon wani babban aiki, inda Mariya Lazebnik da abokanta suka auna ɗaruruwan gutsattsarin naman mama da aka ciro wajen tiyata, daga gigahaz 0.5 zuwa 20, likitan nama kuma ya duba kowane gutsure ya faɗi kason kitse da tsokar da ke cikinsa. Abin da ya fito: tsakanin ƙari da kitse bambancin yana iya kai ninki 10, amma tsakanin ƙari da lafiyayyar tsokar shayarwa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. Tsokar ma ruwa ce cike da ita. Kuma sankarar mama a cikin wannan tsokar take tsirowa, ba a tsakiyar kitse ba.

An yi gudun gara ke nan an faɗa gidan zago. Maman da ke ba mamogiram wahala shi ne dai ke ba maikirowef wahala, har sau uku ma: bambancin ya ragu, tsokar tana shanye igiyar, kuma ita kanta tana mayar da amsa-kuwwa ta ko'ina. Gaskiya ne an yi muhawara a kan wannan ma'auni. Naman da aka ciro daga jiki ya fara bushewa ya huce, abin awon kuma fuskar gutsuren kawai yake ji, kuma wasu ma'aunai da aka yi daga baya a Japan da Italiya sun sami bambancin da ya ɗara haka. A ganinmu wannan ya isa a ci gaba da bincike, bai isa a ce an warware matsalar ba. Sannan jakar ruwa da ƙullutun da ba na sankara ba, waɗanda su ne mafi yawan abin da mata ke tsinta a mamansu, su ma masu ruwa ne, su ma suna haske.

Hanya ta biyu ta haɗa hoton ta fi buri. Maimakon nuna inda amsa-kuwwa ta fito, tana ƙoƙarin zana taswirar lambar riƙo ta kowane lungu na maman. Paul Meaney da Keith Paulsen na Dartmouth ne suka fara kai irinta kan mata a 2000, da eriya 16 a jere cikin da'ira a cikin tanki, ana ɗaga su ana saukewa don a yanka maman faifai-faifai. Kwamfuta tana fara da zato, ta lissafa abin da eriyoyi za su ji da zaton gaskiya ne, ta kwatanta da abin da suka ji, ta gyara zaton, ta sake, har bambancin ya ƙanƙance. Illarta ita ce taswira biyu mabambanta suna iya ba da ma'auni kusan iri ɗaya, don haka idan zaton farko ya yi nisa da gaskiya, lissafin yana iya tsayawa a kan amsar ƙarya mai kyan gani. Ana rage wannan da ba kwamfuta siffar maman daga hoton MRI ko na sikanin, amma kun ga an koma dogaro da na'urar da ake cewa za a huta da ita.

Ruwan gilisarin ɗin nan na Dartmouth da gangan aka zaɓe shi mai shanye igiya, don kada ta bugi bangon tanki ta dawo ta rikita awo. Kuɗin da aka biya shi ne abin da ke isa eriyar da ke ɗaya gefen ya zama ɗan mitsitsi, yana iya gaza kashi ɗaya cikin biliyan goma na ƙarfin da aka tura. A wannan matakin ko yoyon sigina daga waya zuwa waya a cikin akwatin na'urar ya isa ya binne shi. Zafin ruwan ma yana sauya lambarsa, don haka dole a riƙe shi a ma'auni ɗaya, a kuma auna tankin babu kowa a ciki a matsayin abin kwatance kafin mace ta hau. Wayoyin da ke haɗa eriya da na'urar awo idan aka lanƙwasa su bayan an saita, an ɓata saitin. Na'urar da aka kunna yanzu ba a bar ta ta ɗumama ba, awonta yana zamewa a hankali. Kuma gocewar milimita 1 a mazaunin eriya, a gigahaz 5 cikin ruwa mai lamba 10, tana karkatar da awon da kusan digiri 19 cikin 360 na zagayen igiya. Ƙananan abubuwa ne, amma idan bambancin da ake nema kashi 10 ne cikin 100, su ne ke raba hoto da shirme. Wannan ne ya sa wasu suka yi watsi da ruwan gaba ɗaya, kamar MammoWave ta Italiya mai eriya biyu da ke kewaya maman a cikin iska tsakanin gigahaz 1 zuwa 9. Sun huta da tanki, sun ɗauki nauyin fata a kansu.

Me gwaji a kan mata ya nuna? Wani nazari da aka yi da MARIA a kan mata 225 ya ba da rahoton gano kashi 76 cikin 100 na ƙulluttan da ke akwai. Wannan ba abin rainawa ba ne ga fasaha matashiya. Amma a lura, matan nan sun zo asibiti ne da ƙorafi, an riga an san akwai abu, kuma ƙulluttan sun haɗa da waɗanda ba sankara ba. Tantance matan da ba su da wata alama wani fage ne dabam, inda masu ciwon 'yan ƙalilan ne a cikin kowane dubu. Bari mu ƙaddara misali, ba sakamakon wani bincike ba: mata 10,000, sittin daga cikinsu na da sankara, na'ura kuma tana kama 80 cikin 100 na masu ciwo, tana wanke 80 cikin 100 na masu lafiya. Za ta kama 48, ta sallami 12 da ciwonsu, ta kuma tayar da hankalin mata 1,988 da babu abin da ke damunsu, kowacce sai an sake mata hoto, wasu har da allura. Shi ya sa lambar kamawa ita kaɗai ba ta gaya wa mai karatu komai.

Inda muke ganin alfanunsa ya fi kusa shi ne bibiya. Matar da aka riga aka tabbatar da ciwonta, aka san inda ƙarin yake, ana ba ta kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, kafin tiyata, ana so a san ko yana ja da baya: a nan ba neman allura ake a cikin ruwa ba, kwatanta hoton yau da na makonni uku da suka wuce ake yi a mama ɗaya, kuma yawancin kurakuran da muka lissafa suna share juna. Dartmouth sun gwada wannan. A Jami'ar McGill ta Kanada kuma an gwada eriyoyi a jikin rigar mama don a riƙa aunawa lokaci zuwa lokaci, ko da yake maman mace yana sauya ruwansa da zagayowar al'ada, dole a san wannan kafin a kira kowane sauyi ciwo.

Abu biyu a gurguje. Abin da bai shiga ƙoƙo ba ba a gan shi ba, kuma naman mama yana miƙewa har hammata da jikin ƙirji, inda ƙari ke yawan fitowa a ɓangaren sama na waje. Sannan kada a haɗa wannan da kyamarar da ke ɗaukar zafin fata, wadda ake tallatawa da irin waɗannan kalmomi na "babu matsi, babu haske". Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a fili cewa wannan ba madadin mamogiram ba ce.

Roƙonmu ga wakilanku, duk lokacin da irin wannan labari ya zo teburinku, a tambayi masu shi: a kan mata aka gwada ko a kan mutum-mutumin mama na roba da mai? Mata nawa? Masu ƙorafi ne ko waɗanda ba su da alama? Nawa aka rasa, nawa aka tsorata a banza, kuma da me aka tabbatar da gaskiyar kowace? Mai karanta hoton ya riga ya ga sakamakon mamogiram kafin ya duba? Nawa ne girman mafi ƙanƙantar ƙarin da aka kama?

Ga mai karatu kuwa da ta ji ƙullutu, ko ta ga fatar maman ta lotsa ko ta yi kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki, ko jini na fita daga gare shi, ko kaluluwa ta fito a hammata ta ƙi tafiya, hanyar da aka tabbatar matakai uku ce a tare: likita ya duba da hannu, a yi hoto (sikanin ga mai ƙarancin shekaru, mamogiram ga wadda ta kai arba'in, sau da yawa duka biyun), sannan a gutsuro naman da allura a duba shi a ƙarƙashin madubin likita. Ko an yi mata hoton maikirowef a cikin wani gwaji ya fito fes, a cika waɗannan ukun.

Wassalam.

Daga wasu masu nazarin na'urorin ɗaukar hoton jiki.